Rigar da Aka Ɗinka Don a Farke Ta

Shekara ashirin da shida ina kan keken ɗinki, kuma abin da aka koya mini tun ina yarinya shi ne, ɗinkin kirki ba ya farkewa. Sai da na je Tokiyo na ga rigar da aka ɗinka musamman don a farke ta a gaban mutum kusan dubu biyu, gobe a sake ɗinke ta, a sake farkewa. Wannan riga ce ta ɗauke ni daga unguwar Ginza har bakin wani kogi a kudu da Osaka, ta dawo da ni wani lungu a arewacin Kiyoto, alhali ba haka muka tsara tafiyar ba.

Ɗana na fari ne ke karatu a can. Babana nake kiransa, domin sunan mahaifina ya ci. Na yi kwana tara a wurinsa sai ya ce, "Umma, akwai wasan da nake so ki gani. Ba sai kin ji yarensu ba, kayan kawai za ki kalla, na san za ki samu abin faɗa." Wasan kabuki, wato wasan kwaikwayon gargajiya na Japan mai rawa da waƙa, yakan cinye rabin yini, tikitinsa kuma ba arha, amma gidan Kabuki-za yana da wani tsari mai sauƙi: a hawa na huɗu, can ƙololuwa, ana sayar da kujerar kallon kashi ɗaya tak. Ita ya saya mana ta intanet tun jajibiri.

Daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Higashi-Ginza muka ɓullo, sai ga gidan a gabanmu, fari, da rufi mai lanƙwasa da jajayen fitilu, ga wani dogon bene na ofisoshi ya tashi daga bayansa kamar an goya shi. Tun 1889 ake wasa a wannan fili. Gobara ta ci ginin, bama-baman yaƙin duniya na biyu sun ci shi, wanda muka shiga shi ne na biyar, an buɗe shi a 2013. Daga inda muka zauna dandamalin yana can ƙasa, mai faɗi ƙwarai, an rufe shi da labule mai ratsi uku: baƙi, kore, da wani ja-ja mai kama da jan ƙasa. Ba inji ke buɗe labulen ba. Mutum ne ke tura shi da hannu yana gudu, ana buga wasu katakai biyu, ƙwas, ƙwas, ana ƙara sauri har ya kai ƙarshe.

Sunan rawar Kyoganoko Musume Dojoji, wato Budurwar Dojoji, Dojoji kuwa sunan wani gidan ibadar mabiya Buddha ne. Abin da na fara gani shi ne ƙatuwar ƙararrawa tana rataye a dama da igiya ja da fari. Sai ga almajiran gidan ibada sun fito a jere, fararen riguna, kawuna a aske, ɗaya yana cewa "Kun ji? Kun ji?" sauran suna amsa "Mun ji! Mun ji!" Abin da suka ji shi ne yau za a keɓe sabuwar ƙararrawa, kuma an hana mace ko ɗaya ta tako harabar. Babana ya raɗa mini cewa ɗaya daga cikinsu ya ɓoyo giya, ya laƙaba mata suna "ruwan hikima". Jama'a suna ta dariya.

Akwai wata doguwar hanya ta katako da ta ratsa tsakiyar 'yan kallo daga bayan zaure zuwa dandamali, hanamichi sunanta. Daga hawa na huɗu ƙarshenta kawai ake gani, saboda haka kunnena ya riga idona. Na ji ƙarar zoben labule, na ji numfashin mutane ya sauya, kafin na ga wata yarinya cikin baƙar riga mai zanen furanni ta iso, ta tsaya tana gyara gashi da gefen zane kamar wadda ta sha hanya. Hanako sunanta, 'yar rawa ce mai yawo gari-gari. Ta roƙi almajiran su bar ta ta ga ƙararrawar. Suka yi mata tambayoyi, ta amsa, suka ce to, ta shiga, amma sai ta yi musu rawa.

Na ɗauki madubin hangen nesa na dube ta da kyau. Babana ya ce, "Umma, namiji ne fa." Na sani tun daga gida cewa mata ba sa fitowa a babban kabuki, amma sani daban, gani daban. Tun 1629 gwamnatin sarakunan yaƙi ta Tokugawa ta hana mata hawa dandamali, a 1652 ta hana samari masu tasowa, aka bar wa manyan maza. Daga nan aka samu waɗanda suka ƙware a fitowar mata kaɗai, ana kiransu onnagata. Mai ɗinki jiki take fara kallo kafin kaya, don haka na lura da dabarar. Yana matse allon kafaɗunsa ta baya ya sauke su, sai faɗin ƙirji ya ɓace. Gwiwoyinsa a haɗe, a ɗan lanƙwashe, yatsun ƙafa suna kallon juna. A haka zai yi kusan awa guda, da hular gashi mai nauyi da kaya rututu a jiki. An ce masu koyo sukan matse takarda tsakanin gwiwoyi su yi tafiya, kada ta faɗi.

Aka ɗage wani labule ja da fari, sai duwatsu suka bayyana, an zana su lulluɓe da furen bishiyar sakura, ga makaɗa da mawaƙa sun jeru hawa biyu a kan jan ƙyalle. A sahun sama masu waƙa da masu shamisen, wani irin molo mai tsirkiya uku da ake kaɗawa da faffaɗan makaɗi. A ƙasa mai sarewa da masu ganguna. Akwai wata 'yar ganga mai siririn ƙugu da suke ɗorawa a kafaɗa, suna matse igiyoyinta don sauya murya, kai ka ce ƙanwar kalangu ce. Wannan salon kiɗa nagauta ake ce masa, doguwar waƙa.

Ta sake fitowa cikin jar riga mai dogayen hannuwa har kusan ƙasa, da baƙar ɗamara, da doguwar hula ruwan zinariya, da mafici a hannu. Farkon rawar a hankali yake, da nauyi, ƙafa ɗaya a ɗaga, a dakata, mai ganga ya yi wani kira daga cikin maƙogwaro, sannan a dire. An aro wannan sashe daga wani wasan gargajiyarsu mai suna No, wanda ya girmi kabuki da ɗaruruwan shekaru. Mawaƙan suna cewa tana da ƙorafi iri-iri a kan ƙararrawa, suna lissafa bugunta na farkon dare da na tsakar dare da na asuba da na faɗuwar rana, kowanne da abin da yake tunatarwa na ƙarewar duniya. Sai ta cire hular ta yar, kiɗa ya saki jiki, ta zama yarinyar unguwa.

A nan ne abin ya faru. Mutum biyu ne tsugune a bayanta tun ɗazu, sun karkata fuska gefe, al'ada ta ce a ɗauka ba sa nan. Koken ake kiransu. Da madubin na ga hannun ɗayansu yana bin bayan hannun rigarta, yana cafko wasu 'yan ƙulle-ƙulle, yana zaro zare mai kauri, ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa ba ta daina rawa ba. Ta yi taku ɗaya gaba, suka fizga baya, jar rigar ta rabu biyu ta ɓace. Yarinyar da ke tsaye a wurin tana sanye da shuɗi mai haske. Zauren ya ɗauki tafi. Ni kuwa hannuna na kan bakina.

Hikinuki sunan wannan dabara, ma'anarsa zarewa. Na kwana ina warware ta a kaina, daga baya Babana ya nemo mini hotunan yadda ake yi, kuma hasashena bai yi nisa ba. Rigar sama ba ɗinkakkiya ba ce. Gida biyu ce, na sama da na ƙasa, an ɗora su a kan ta ciki, an kama su da dogon ɗinkin riƙo irin wanda muke yi kafin mu hau keke, sai dai zaren ya fi kauri, kuma an yi masa kai a ƙarshe don yatsa ya same shi ba tare da ido ya duba ba. Wahalar tana wurin awo. In ɗinkin ya yi sako-sako, rigar za ta zame tun ana tsakiyar rawa. In ya yi tsauri, zaren zai maƙale a daidai bugun da ake jira. Kuma ana yin wasa ɗaya kusan kwana ashirin da biyar a wata, ma'ana kullum bayan an tashi akwai wanda zai zauna da allura ya mayar da rigar yadda take. Ba wanda ya tafa masa a daren nan, ni dai na tuna da shi.

Daga nan rawa ta yi ta bin rawa. Ta durƙusa ta tattara furen da ya zuba, ta dunƙule shi ya zama ƙwallo, tana buga ƙwallon da babu shi tana zagayawa a gwiwa. Ta fito da jajayen malafu, ɗaya a ka, jeri-jeri a hannuwa. Almajirai suka karɓi fili suka yi tasu rawar don ta samu ta sauya kaya. Can sama kusa da mu wasu dattawa suna jefa kira a daidai gaɓar da ta dace, kalma ɗaya, da ƙarfi. Ba sunan ɗan wasan suke kira ba, laƙabin gidansu ne, irin su Otowaya da Narikomaya da Yamatoya, kowane zuri'a da nata. Kirari ne, kuma wanda bai iya ba ba ya tsoma baki.

Sashen da ya fi shiga raina shi ne wanda ta fito da farin ƙyalle kaɗai a hannu, cikin riga ruwan makuba mai sanyi. Kiɗa ya lafa. Ta ciji gefen ƙyallen, ta duba shi kamar madubi, ta shafa jan-baki da ɗan yatsa. Waƙar tana cewa ta fara koyon so, tana tambaya don wa ta yi wannan kwalliyar, kuma alkawarin da aka rubuta mata gaskiya ne ko ƙarya. Babana ya fara fassara mini, na dafa hannunsa ya yi shiru. Na sha auna 'yan mata irin wannan a shagona. Na san fuskar wadda aka sa wa rana, na kuma san fuskar wadda ta dawo ta ce a dakata da ɗinkin tukuna.

Can ina kallo sai na kama wani abu da na yi ta gani ban kula ba. Duk bayan ɗan lokaci, tana cikin murmushi, sai idonta ya zame ya koma kan ƙararrawar. Daƙiƙa ɗaya ce. Kafaɗa ta ƙage, fuska ta daskare, sannan ta dawo hayyacinta ta ci gaba. Ta ɗaura 'yar ganga a ƙirji ta kaɗa da sanduna biyu, ta ɗauki wasu ganguna masu kacau-kacau tana buga su da ƙasa, kiɗa yana ta ƙara wuta, kallon nan yana ƙara tsawo. Almajiran suka farga, suka taso su tare ta, ta watsar da su. Ƙararrawar ta sauko ƙasa. Da ta sake bayyana tana bisa kanta, gashi a warware, ta zame rigar sama, abin da ke ciki zane ne na kusurwa uku-uku masu ƙyalli, alamar ɓawon maciji a wurin Japanawa. Ta murɗa jiki, ta zuba wa jama'a ido, katakai suka ɗau ƙara, aka ja labule.

A jirgin ƙasa muna komawa masauki na ce, "Babana, ashe duk rigunan nan saɓa take yi." Ya ce wace saɓa? Na ce ta maciji mana. Ya yi shiru, sannan ya ce akwai gidan ibadar fa, yana nan har yanzu. Na ce to, mu je.

Daga Osaka muka shiga jirgin ƙasa na Kuroshio mai bin gaɓar teku, kusan awa biyu, gonakin lemo sun hau duwatsu hawa-hawa a jihar Wakayama. Muka sauka a Gobo, muka canza ƙaramin jirgi, tasha ɗaya sai Dojoji. Ƙauye ne shiru, gonakin shinkafa, da ɗan titi mai shaguna inda ake gasa wani ɗan burodi mai siffar ƙararrawa da daddaɗan wake a ciki. Sunan unguwar kansa Kanemaki, wato inda aka nannaɗe ƙararrawa. Matakala 62 na dutse muka hau. An kafa gidan a shekara ta 701, shi ne mafi tsufa a jihar, yana da hasumiya mai hawa uku da wani babban zaure na katako da ya yi baƙi don tsufa. Ni Musulma ce, ban rusuna wa komai ba, ba kuma wanda ya nemi in yi. Na cire takalmi inda ake cirewa, na zauna inda baƙi ke zama.

Wani malamin gidan ya ɗora doguwar takarda naɗaɗɗiya a kan katako, yana warwarewa da hannu ɗaya yana naɗewa da ɗaya, hoto yana wucewa yana ba da labari. Kwafi ce ta wata tsohuwar takarda mai shekara ɗaruruwa da suke ajiye da ita. Ga yadda labarin yake. A shekara ta 928, wani saurayi ɗan zuhudu mai suna Anchin ya taso daga arewa zai je ziyarar ibada Kumano. Ya kwana a wani gida, 'yar gidan, Kiyohime, ta kamu da sonsa. Don ya samu ya wuce, ya ce mata in ya dawo zai biyo. Da ya dawo sai ya zarce. Ta tambayi matafiya, suka ce ai ya wuce tuni. Ta bi shi da gudu. A hoton ana ganin takalminta ya fita, gashinta ya warware, fuskarta tana sauyawa daga wannan zane zuwa na gaba. A bakin kogin Hidaka mai fito ya ƙi ɗaukarta, domin Anchin ya riga ya roƙe shi. Ta tuɓe riga ta faɗa ruwa, ta fito a matsayin ƙatuwar macijiya mai aman wuta. 'Yan zuhudun Dojoji suka sauke ƙararrawa suka kife shi a ciki. Ta nannaɗe ta, tana dukanta da wutsiya, har ƙarfen ya yi ja. Da aka ɗaga, gawayi aka tarar.

Malamin yana da barkwanci, mutane suna dariya, kuma ya rufe da nasiha ga maza su riƙe matansu da daraja, gida ya zauna lafiya. Amma tsofaffin littattafan da suka fara kawo labarin, tun ƙarni na 11, gargaɗi suke yi wa 'yan zuhudu su nisanci mata. Wannan ne ya tsaya mini a wuya. Kisa kisa ne, ba na wanke ta. Sai dai wa ya fara? Alkawari kaya ne, shi kuwa ya ɗauka da niyyar ya yar a kwana ta farko. Da ya ce mata a'a tun a zaure, da ta yi kukanta ta share hawaye. Takardar ta ba ta zane kaɗan tana mutum, sauran duk tana dodo. Masu wasan No suka sa mata fuskar katako mai ƙaho, ɗan wasan ya yi tsalle ya shige ƙararrawar tana faɗowa, ya sauya kama shi kaɗai a cikin duhu. Kabuki ne ya juya lissafin. Nakamura Tomijuro na farko, wanda ya fara wannan rawa a gidan wasa na Nakamura-za a birnin Edo, wato Tokiyo ta yau, a 1753, ya ba ta kusan awa guda tana budurwa mai wasa da ƙwallo da kwalliya da kishi da bege, ya bar wa macijiya 'yan mintoci na ƙarshe. Mai yiwuwa don ya nuna gwanintarsa ya yi haka, ya kuma cika ido da kaya. Ko ma mene ne dalilinsa, wanda ya kalli rawar ba zai fita yana cewa dodo ya gani ba.

Kalmar kanoko, wadda ta koma ganoko a cikin sunan rawar, ita ma ta masu tufafi ce. Wani rini ne na Kiyoto da ake ƙulle ƙyalle ɗigo-ɗigo da zare kafin a tsoma, ya fito da tabo irin na bayan ɗan barewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya ga ɗan'uwansa.

Na zagaya harabar ina neman ƙararrawa. Babu. Akwai wurin da aka ce nan ta farko take, akwai tudun da aka ce kabarin Anchin ne, amma gidan da duk ƙasar ta sani saboda ƙararrawa ba shi da ko ɗaya. Bayan ta farko, sun yi shekara fiye da ɗari huɗu ba su sake ba. A 1359 aka zuba ta biyu, kuma bikin keɓe wannan ce rawar take nunawa, ranar da aka ce wata 'yar rawa ta zo ta kayar da ita. Mutane suka ce muryarta ba daɗi, tana jawo masifa, aka yasar da ita a daji. A 1585 rundunar sarkin yaƙi Toyotomi Hideyoshi ta ci yankin, sojoji suka ɗauke ta suka tafi da ita Kiyoto. Kafin mu koma tasha muka gangara bakin Hidaka. Ruwa ne mai faɗi, a kwance, da tsakuwa a gefe, wani tsoho yana kamun kifi. Na daɗe a tsaye ina auna nisan wancan ƙetaren da ido.

Kwana biyu bayan haka muka same ta. Tana gidan ibada na Myomanji, a unguwar Iwakura da ke arewacin Kiyoto, inda ƙaramin jirgi ke hawa cikin duwatsu. A wani ɗaki take, a ajiye, baƙa-baƙa da tsatsar tagulla. Ta Kabuki-za mutum yana shiga ya sauya kaya, ya hau kanta ya tsaya. Wannan kuwa da kaɗan ta wuce mita ɗaya, in na tsaya kusa da ita iyakarta ƙuguna. 'Yan wasan da za su yi rawar Dojoji sukan zo nan su tsaya a gabanta kafin su fara. Babana ya ce, "Umma, kin ga 'yar ƙarama ce." Na ce na gani.

Da yamma muka sauko cikin gari, muka tsaya a gadar Shijo a kan kogin Kamo. A busasshen gefen wannan kogi ake cewa wata mata mai suna Okuni, 'yar Izumo, ta yi ta rawarta da tawagarta a farkon ƙarni na 17, kuma a 1603 aka fara rubuta labarin rawar da ake kira kabuki. Shigar maza take yi, da takobi, tana kwaikwayon samarin birni masu taƙama. Shekara 26 kacal bayan haka aka kori mata daga sana'ar da mace ta kafa. Mutum-mutuminta yana nan a bakin gadar, mafici a hannu ɗaya, takobi a saɓe a kafaɗa, ga gidan wasa na Minami-za a tsallaken titi an fara kunna fitilunsa. Na zagaya ta baya don in ga yadda aka ɗaura mata ɗamara. Babana ya duba agogo ya ce magariba ta kusa, muka gangara neman inda za mu yi alwala.